'YAN AIKEN JIKI: ABIN DA ABINCI ZAI IYA GYARAWA DA ABIN DA SAI LIKITA

'Yan'uwa manoma, kwanakin nan duk kasuwar da mutum ya shiga, ko ta Kura ko ta Bunkure, sai ya ji mai magani da lasifika yana tallar garin da wai yake "daidaita homon". Mai neman haihuwa a ba ta, mai son ƙiba a ba ta, mai raunin jiki shi ma a ba shi. Kuɗin da iyali suka sha rana a gonar tumatir kafin su samu, sai ya tafi a kan ƙullin garin da ba wanda ya san abin da ke ciki. Saboda haka ya kamata mu san mene ne homon ɗin nan, me ke ɓata aikinsa, me kuma za mu iya yi da abin da ke rumbunmu.

MENE NE HOMON?

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san yadda ruwa ke zuwa gonarsa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa yana bin babbar hanya, ya shiga ƙanana, a buɗe wannan ƙofa a rufe waccan, kowace gona ta sami rabonta. In ruwa ya yi kaɗan alkama ta ƙone, in ya yi yawa saiwa ta ruɓe.

Jikin mutum ma yana da masu buɗe ƙofa da rufewa. Akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da gaban wuya, da bayan tumbi, da bisa ƙoda, da wajen kayan haihuwa na mace da na namiji. Su ne ke zuba waɗansu sinadarai 'yan kaɗan cikin jini, jini ya kai su inda aka aike su. Waɗannan 'yan aike su ake kira homon. Wani likitan Ingila mai suna Ernest Starling shi ya fara amfani da wannan suna a 1905. Su ne ke faɗa wa jiki lokacin girma, da lokacin balaga, da lokacin barci, da zuwan haila, da kawowar nono, da yadda za a sarrafa abincin da aka ci.

Jiki mai lafiya shi ke daidaita 'yan aikensa da kansa, dare da rana. Ba ya bukatar wani gari don wannan. Namu shi ne mu ba shi kayan aiki, mu kuma daina sa masa cikas.

MAƘOƘO DA GISHIRI

A gaban wuya akwai wata 'yar gaɓa da likitoci ke kira tayirod. Homon ɗinta shi ke tsara saurin aikin jiki duka, da girman yaro, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba ta iya yin wannan homon sai da sinadarin aidin. In aidin ya yi ƙaranci a abinci, sai ta yi ta kumbura tana neman abin da babu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Kumburin wuya ba shi ne babbar hasarar ba. Mace mai ciki da ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi yaron da ba zai yi tsawo ba, ko wanda karatu zai yi masa wuya duk tsawon ransa. Abin da babban mutum ke bukata a rana maikirogiram 150 ne, mai ciki da mai goyo kuwa 250. Abu ne ɗan mitsitsi wanda ido ba ya gani, amma dole a riƙa samunsa kullum.

Abincin teku ya fi kowane abinci aidin, mu kuwa muna nesa da teku. Shi ya sa tun 1993 aka sa dokar zuba aidin cikin gishirin ci a Nijeriya. Ga abin da uwargida za ta kiyaye:

1. A sayi gishirin leda wanda aka rubuta yana da aidin, mai lambar NAFDAC. Kanwa da manda da gishirin dabbobi ba sa maye gurbinsa.
2. A ajiye shi cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da murhu da rana da laima, gama aidin yana gudu daga gishirin da aka bari a buɗe.
3. Kada a ƙara yawan gishiri don neman aidin. Ƙasa da giram 5 a rana, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ya ishi babban mutum. Fiye da haka hawan jini yake jawowa, a tuna kuma dunƙulen ɗanɗano na miya shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa.
4. Rogo mai ɗaci a jiƙa shi sosai, a shanya, a dafa da kyau, domin gubarsa tana hana wuya amfani da aidin.

Aidin ɗin da ake shafa wa rauni dabam yake. Kada kowa ya sha shi. Wanda kuma maƙoƙo ya riga ya fito masa, ko yake fama da bugun zuciya da rawar hannu da ramewa alhali yana cin abinci, ya tafi asibiti, domin akwai ciwon wuyan da yawan homon ke kawowa, ba ƙarancinsa ba.

SUKARI DA INSULIN

Duk tuwon da muka ci, ciki yana mai da shi sukari, ya shiga jini. Homon da ake kira insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. An gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali. Wannan shi ne ciwon sukari.

Dubi yadda cimarmu ta sauya. Iyayenmu tuwon dawa da furar gero suka sani, da miyar ganye, suna tafiya gona a ƙasa. Yau shinkafar inji fara fat ta zama abincin kullum, ga taliya, ga burodi, ga shayi mai sukari cokali huɗu, ga lemon kwalba, babur kuma yana jira a ƙofar gida. Hatsin da aka cire masa dusa duka yana narkewa da sauri, sukarinsa ya afka cikin jini gaba ɗaya, kamar a buɗe babbar ƙofar ruwa a kan ƙaramin fangali. Wanda aka bar masa ɗan dusarsa kuwa, ko aka haɗa shi da wake da ganye, a hankali yake shiga.

Ba cewa aka yi a bar shinkafar da muke nomawa ba. A dai rage tulinta a kwano, a haɗa ta da wake, a yawaita zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuɓewa. Tumatir da albasa da karas da kabeji da muke lodawa a mota zuwa Legas, a riƙa rage na gida tukuna. A ci gyaɗa, da ƙwai, da kifi, da waken suya in an samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a rana kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali 9.

Kitsen tumbi shi ya fi toshe wa insulin kunne. Ga awo mai sauƙi: a sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai cibiya. In bakin igiya bai haɗu ba, tumbi ya yi yawa. Mai riƙe fartanya kullum ya sami motsa jikinsa. Amma mai shago, da direba, da dillali, da uwargidan da ke zaune a gida, su nemi tafiyar ƙafa mai sauri ta minti 30, kwana 5 a mako.

Alamun ciwon su ne yawan ƙishirwa, da yawan tashi fitsari da dare, da ramewa, da gyambon da ya ƙi warkewa. Gwajinsa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. A lura kuma, akwai irin da ke kama yara da samari, wanda jiki ya daina yin insulin sam. Wannan ba zogale ko wani sassaƙe da zai tsare ran mai shi, sai allurar insulin kullum.

BARCI, DAMUWA DA ƘWAYA

Lokacin ban ruwa da yawa cikinmu a gona suke kwana suna jiran layi ko suna gadin inji. Kwana biyu ko uku ba kome. Amma in rashin barci ya zama jiki, homon ɗin da jiki ke fitarwa lokacin tsoro da damuwa, wanda ake kira kotisol, ba ya sauka yadda ya kamata da dare. Sai sukari da jini su hau, yunwa ta ƙaru. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Yara sun fi haka, gama cikin barci mai nauyi ne homon ɗin girma ya fi fita. Maƙwabtan gona su yi karɓa-karɓar gadi. A bar goro da shayi mai kauri in yamma ta yi, a ajiye waya in an kwanta.

Samarin da ke shan taramol don su jure aikin ƙwadago su sani cewa daɗewa a kan irin wannan ƙwaya yana rage homon ɗin namiji, ƙarfin da ake nema ya koma rauni. Yawan giya da burkutu ma haka suke yi, ban da lalata hanta.

Mata kuma su yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Sau da yawa akwai dezametason a ciki, wanda yake kwaikwayon kotisol. Kumburin fuska da ake gani ba lafiya ba ce. Yana kawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi, da rikicewar haila. Waɗansu mayukan sauya launin fata ma suna da irinsa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya riga ya rage yin nasa. Likita ne zai rage mata kaɗan kaɗan.

MAGANIN FESHI

A 2016, da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, manoma da yawa sun yi ta feshi ba ƙaƙƙautawa, waɗansu har da gauraya magunguna iri iri. Waɗansu magungunan ƙwari suna shiga jiki su yi kama da homon, su rikita saƙo, mai ciki da ɗan da ke cikinta kuma su suka fi shiga hatsari. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001, wadda ta taƙaita DDT. A 2009 aka ƙara da lindane, watau sinadarin da ke cikin Gammalin 20.

Mai feshi ya rufe jiki da hanci da hannu, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa abinci ko yaro. Mai ciki da mai goyo da yara kada su yi feshi, kada su wanke kayan feshi. A jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki amfanin gona. Kada a zuba mai ko ruwan sha cikin galan ɗin magani, kada kuma a wanke tankin feshi a hanyar ruwa, gama na ƙasa da mu da shi suke wanka.

MATA DA HAIHUWA

Tsotson jariri shi ke kiran homon ɗin da ke kawo nono, da wanda ke sa mahaifa ta koma daidai jini ya tsaya. Saboda haka a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi dakashi, a ci gaba da nono zalla har wata 6. Yawan ba shi shi ke ƙara nonon.

Haila tana iya rikicewa saboda ramewa ƙwarai, ko ƙiba, ko wahala. In ta ɗauke wata 3 ba ciki ba goyo, ko jini ya yi yawa, a je asibiti. Macen da ta kai shekara 45 zuwa 55 ta fara jin zafin jiki da gumin dare, hailarta tana tsallake, ba jifa aka yi mata ba, lokacin ɗaukewar haila ne ya zo. Amma in jini ya dawo bayan ya ɗauke shekara guda, wannan na likita ne ba jinkiri.

Ba kowane rashin haihuwa ne na homon ba. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba yana toshe hanya, tsargiyar da ake ɗauka a ruwan ban gona ma tana taɓa mahaifa. Sau da yawa kuma matsalar tana wajen maigida. In shekara ta cika ba ciki, miji da mata su tafi gwaji tare, a daina ɗora wa mace laifi ita kaɗai.

AIKIN ƘUNGIYA

A taron ƙungiya na gaba, shugabanni su kawo waɗannan shawarwari gaban membobi:

1. A gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna jini da sukarin kowa, ko da sau ɗaya a shekara bayan girbi.
2. A sayi gishiri mai aidin a sari, a raba wa gidaje.
3. Kowane gida ya keɓe fangali ɗaya na ganye da wake don tukunya, ba don kasuwa ba.
4. Ƙungiya ta sayi rigar feshi da safar hannu da takalmin roba, a riƙa ara.
5. A ajiye ɗan asusun kuɗin mota don wanda aka tura Babban Asibitin Kura ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Wanda likita ya ɗora a kan maganin sukari ko na wuya ya ci gaba da sha, ya haɗa da gyaran cima. Kada mai talla ya sa shi ya ajiye. Rigakafi dai ya fi magani, mafi yawan kayan rigakafin nan kuwa da hannunmu muke noma su.