Bagaruwa na tsayar da gudawa, amma ba ta mayar da ruwan jiki

A ƙauyen Zabi da kasuwannin Samaru da Sabon Gari a Zariya, bagaruwa na cikin magungunan da jama'a kan fara nema idan ciki ya ɓaci.

Akan jiƙa 'ya'yanta ko sassaƙenta, ko a tafasa, a sha domin tsayar da gudawa da atini.

Masana sun ce ƙarfinta yana cikin wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, wanda saboda shi ne majema ke jeme fata da ita. Sinadarin kan tsuke fatar hanji, ya rage ruwan da ke zuba cikinsa.

A shekarar 2005, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa sakamakon gwajin tsirrai biyar da ake maganin gudawa da su a jihar Kaduna, ciki har da bagaruwa da ɗorawa da ɗinya. Sun gano cewa bagaruwa ta rage gudawa a jikin ɓerayen da aka gwada ta a kansu.

To sai dai gwaji a jikin ɓera bai nuna adadin da ya dace mutum ya sha ba. Ga shi kuma ƙarfin jiƙo ya danganta da yawan abin da aka zuba da daɗewarsa a ruwa.

Yawan shan tanin kan jawo taurin bayan gida, ya kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da ke da haɗari ga masu juna biyu da masu ƙarancin jini.

Babban haɗarin kuwa yana kan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da dubu 400 a duk shekara, kuma ƙarewar ruwan jiki ita ce babbar barazana. Bagaruwa ba ta mayar da wannan ruwa.

Tun 2004 hukumar da asusun UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ba yaro ruwan gishiri da sukari na ORS, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayar da shi. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a ba shi jiƙo ko kaɗan.

Likitoci na gargaɗin cewa da zarar an ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanun yaro sun faɗa, ko ya kasa shan nono, to a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran aikin jiƙo ba.