Asirin Wuta-Wuta

Ko wane ɗan manomi ya san wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Idan damina ta yi nisa, ka ratsa gonar da ƙasarta ta gaji, za ka gan ta tsaye a gindin dawa, da furenta ja-ja mai kyaun gani. Baƙo ya ce ado ce. Amma mai gona in ya gan ta gabansa ya kan faɗi, gama ya san rumbunsa ba zai cika bana ba. Dawar da ta kama sai ta tsumbure, ganyenta ya ƙone kamar an babbake shi, ko da kuwa ana ruwa kullum.

Tun kaka da kakanni manoma sun lura wannan muguwar tsiro ta fi bin dawa, da gero, da masara, da shinkafar tudu, da rake. Ku dubi waɗannan da kyau. Ganyensu dogo ne siriri, karansu kuma gaɓa-gaɓa, kamar na gamba. Masana tsire-tsire sun ce duk gidansu ɗaya, watau dangin ciyawa ne. To, ƙaƙa wuta-wuta ke gane su alhali ba ta da ido? Masu bincike sun yi shekaru da yawa suna neman amsar wannan tambaya.

Da fari suka duba irinta da madubi mai ƙara girman abu. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kamar ƙura. Gindi ɗaya ya kan zubar da ƙwaya fiye da 50,000, kuma ƙwayar tana iya kwana cikin ƙasa shekara 10 ko fiye ba ta mutu ba. Ƙwayar wake tana ɗauke da abincin da zai ishi tsironta har ya yi ganye. Ta wuta-wuta kuwa guzurinta kaɗan ne. In ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama ba, cikin 'yan kwanaki sai ta mutu. Saboda haka ba ta garaje. Sai ta yi lamo tana jira.

Ga abin da ta ke jira. Saiwar dawa ta kan fitar da wani ɗan abu cikin ƙasa, kamar yadda fure ke fitar da ƙanshi. Bayan ruwan sama ya jiƙa ƙwayar wuta-wuta, da abin nan ya taɓa ta sai ta farka, ta miƙa 'yar saiwarta, ta huda ta dawa, ta shiga tsotson ruwa da abincin da dawa ta tara wa kanta. Ta kan yi wata guda ko fiye tana wannan sata a ɓoye kafin ta ɓullo waje. Don haka ne sa'ad da manomi ya gan ta, ta riga ta yi ɓarna mai yawa.

An daɗe da sanin akwai wannan abu, amma ba a iya ware shi ba. A shekarar 1956 aka tarar da wata 'yar'uwar wuta-wuta cikin gonakin masara a ƙasar Amurka. Hankalin hukuma ya tashi, masana suka duƙufa. A 1966 suka ware abin nan mai tada ƙwayar, suka sa masa suna sitirigol. Abin mamaki, ba daga saiwar dawa suka fitar da shi ba, daga saiwar auduga ne. Ashe auduga ma tana kiran wuta-wuta, amma in ta amsa kira ba ta iya kama ta, sai yunwa ta kashe ta.

Hausawa sun ce, sanin wurin bugu shi ne ƙira. Da aka san asirinta, sai aka san hanya uku ta yaƙi da ita.

Ta fari, yaudara. In gona ta kamu, sai a huta da dawa, a shuka auduga, ko gyaɗa, ko waken soya. Ƙwayoyin wuta-wuta su farka, su rasa abin kamawa, su mutu.

Ta biyu, taki. An gane cewa dawar da ke jin yunwa ita ce ta fi fitar da abin nan mai kira. In ƙasa ta sami taki, kiran ya kan ragu, dawa kuma ta yi ƙarfi.

Ta uku, iri. Ba duk dawa ce ke kira da ƙarfi ba. Wani masani, Gebisa Ejeta, mutumin ƙasar Habasha, ya yi aiki a Sudan da Amurka. Shi da abokan aikinsa suka yi ta gwada iri dabam dabam, har suka sami waɗanda kiransu ƙanƙane ne, suka haɗa su da masu ba da amfani da yawa. A 2009 aka ba shi babbar kyauta ta duniya saboda aikinsa a kan dawa. A ƙasarmu kuma akwai gidan binciken aikin gona na Samaru, kusa da Zariya, wanda aka kafa a 1922, ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can aka fitar da irin masara da na dawa masu jure wa wuta-wuta. Masu irin wannan bincike da gangan su kan gauraya ƙwayarta da yashi, su zuba a ramin shuka, don su ga irin da zai tsira.

Kada ku zaci ɗaya daga cikin hanyoyin nan za ta gama da ita cikin shekara guda. Sai an haɗa su duka, an kuma yi haƙuri. Ku ma, yara, kuna da naku aiki. In kun ga wuta-wuta a gonarku, ku tuge ta tun ba ta yi 'ya'ya ba, ku tara ku ƙone. Kada ku yar da ita a bakin gona, gama iska da ruwa za su komo da irinta. Ku tuna, gindi ɗaya da kuka bari bana, shi ne dubbai baɗi.

Abin yi: ku nemi izinin mai gona, ku haƙo gindin dawa guda tare da wuta-wutar da ke jikinsa. Ku wanke ƙasar a hankali, ku nuna wa malaminku wurin da saiwoyin biyu suka haɗu.

Tambayoyi

1. Waɗanne amfanin gona ne dangin ciyawa?
2. Don me ƙwayar wuta-wuta ba ta tsirowa sai ta ji kira?
3. Ƙaƙa auduga ke taimakon manomin dawa?