Kafin a Cire Haƙori, a Duba Mahaɗar Muƙamuƙi

Sau da dama mutum kan tashi da ciwo a gaban kunne, ya ɗiga magani bai ji sauƙi ba, daga nan ya matsa a cire masa haƙorin da ba shi da laifi. Haƙori ya tafi, ciwo yana nan. Wurin da aka manta ba a duba ba shi ne mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai.

Mai karatu, ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi ita ce wannan mahaɗa, kuma a tsakiyarta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Tun a 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya alaƙanta wasu ciwukan kunne da ita. Matsalar ta fi kama mata, kuma cizon haƙora cikin barci, damuwa, buguwa da yawan taunar cingam kan tsananta ta.

Akasarin masu wannan ciwo kan samu sauƙi ba tare da tiyata ba: a koma ga abinci mai laushi, a ɗaga wa rake, goro da ganda ƙafa, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ƙara ba tare da ciwo ba, ba ta bukatar magani. Amma idan baki ya ƙi buɗuwa ko rufuwa, ko aka ga kumburi da zazzaɓi, a garzaya wurin likitan haƙori. Haƙorin babba, in ya fita, ba ya sake tsirowa.