Horon sanin makamar aiki ba albashi: Ribarsa, tsadarsa da abin da iyaye za su duba

Idan kana da ɗa ko 'ya a Jami'ar Maiduguri, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ko ɗaya daga cikin makarantun koyon aikin jinya da kiwon lafiya na Jihar Borno, akwai ranar da za a kawo maka takarda gida a ce lokacin fita sanin makamar aiki ya yi. Yaro zai riƙa fita da sassafe ya dawo da yamma, wata da watanni, a ƙarshen wata kuma babu ko sisi. Iyaye da yawa kan tambaya: wannan karatu ne ko bauta? Amsar ta danganta ne da inda aka tura shi da abin da ake koya masa.

Wannan tsari ba sabo ba ne. A shekarar 1971 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, saboda masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takardar shaida amma hannunsu bai san aiki ba. A jami'a galibi wata shida ake yi, a kwalejin kimiyya da fasaha kuma wata huɗu. Akwai ɗan alawus da aka tanada, sai dai bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sai an gama horon kafin ya iso.

To mece ce ribar? Bari in yi misali da aikinmu na harhaɗa magunguna. A aji ana koya wa ɗalibi cewa maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kashi na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da madara ko abinci mai maiƙo. Wannan kowa zai iya haddacewa. Amma a tagar ba da magani ne zai gamu da tsohuwa daga Konduga ko Bama wadda Kanuri kawai take ji, ba ta karanta rubutu, jikanta kuma na kwance da zafin jiki. Yadda zai fahimtar da ita, ya sa ta maimaita masa abin da ya faɗa, ya tabbatar ba za ta daina ba yaron magani don ya samu sauƙi a rana ta biyu ba, wannan ba a samun sa a littafi. A nan zai ga yadda ake nuna wa uwa ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce a garin maganin yara har zuwa layin da ke jikin kwalba, ba ta cika ta fal ba.

Haka ma ɗakin ajiya. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ɗalibi zai ga dalilin da ya sa ake ajiye insulin da yawancin alluran rigakafi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke. Zai koyi fitar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa kafin sabo, da duba lambar NAFDAC, da cike rajistar magunguna masu sa maye waɗanda ake kullewa daban. Bayan ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, wadda ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, duk wanda ke aiki a irin waɗannan wurare ya ga da idonsa cewa maganin da ruwa ya shiga ba a shanya shi a mayar kan kanta, lalata shi ake yi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma ribar da ba a rubuta ta a takarda: zuwa a kan lokaci, riƙe sirrin majiyyaci, iya cewa “ban sani ba, bari in tambayo” maimakon yin kame-kame. Sannan wanda ya ga ƙwazon yaro wata shida shi ne zai rubuta masa takardar shaida gobe, ko ya tuna da shi idan gurbi ya samu.

Amma kada mu ruɗi kanmu, aikin da ba a biya wani ne ke biyan sa, kuma mafi yawa iyaye ne. Wata shida na nufin kwanakin aiki 120 zuwa 130. Ka lissafa kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, tun da an hana acaɓa a garin nan tun 2011, kuma kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ka ƙara abincin rana da farar riga da takalmi. Yarinyar da ke zaune a Bulumkutu aka tura ta Asibitin Koyarwa da ke kan hanyar Bama za ta ratsa gari ne kullum, alhali Asibitin Umaru Shehu na kusa da ita. Ɗan mai hali ba zai ji a jikinsa ba. Ɗan talaka kuwa wani lokaci yakan nemi a sa masa hannu a littafin rahoto yana zaune a gida, ya tashi a tutar babu: ba kuɗi, ba ilimi.

Saboda haka kafin yaro ya fara, ku zauna ku duba abubuwa huɗu.

Na farko, wa zai koya masa? Ya zama akwai ƙwararre mai lasisi wanda aka damƙa ɗalibin a hannunsa. Idan mako uku sun wuce aikinsa shara da aike da sayo wa ma'aikata abinci, ya koma ofishin SIWES na makarantarsa ya nemi canjin wuri. Haka nan idan aka bar shi shi kaɗai a kemis yana ba da magani, wannan ba horo ba ne, ganganci ne da ran mutane.

Na biyu, lafiyarsa. Duk ɗalibin da zai taɓa allura ko jini ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B, idan ba ya ɗauke da shi ya karɓi rigakafi. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, don haka a fara da wuri. Idan allurar da aka yi wa wani ta soke shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya faɗa wa shugabansa nan take. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, gara ma cikin awannin farko, kuma kwana 28 ake sha. Kunya ko tsoron faɗa kada su sa ya ɓoye.

Na uku, mutuncinsa, musamman 'ya'ya mata. Uwa, ki san lokacin tashinta, ki san sunan wanda ke kula da ita, ki kuma nuna mata tun farko cewa babu sa hannun da ya kai darajarta. Duk wanda ya fara kiran ta a wajen lokacin aiki ko ya jingina sa hannu da wata buƙata, ta faɗa a gida, a kai maganar makaranta.

Na huɗu, a bambanta ɗalibi da wanda ya gama. Mai digirin harhaɗa magunguna dole ya yi horon wata 12 a wurin da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta amince da shi, kafin ya samu cikakken lasisi. Wannan horo a asibitocin gwamnati da albashinsa. Amma guraben sun yi kaɗan, har wasu kan yarda su yi kyauta don kada shekara ta wuce su a zaune. Wanda ya zaɓi haka ya tabbatar wurin yana da amincewar majalisar, kuma an ba shi takardar ɗauka a rubuce, in ba haka ba zai iya yin wahalar banza. Haka masu zuwa aikin sa kai bayan bautar ƙasa da fatan za a ɗauke su: a sa wa abin iyaka, wata uku ko shida. Idan ya zama kana riƙe da aikin cikakken ma'aikaci kuma ba wani sabon abu da kake koya, horo ya ƙare, saura haƙƙi.

Ga 'yan uwana masu shagunan magani da shugabannin sassa, ko ba ku da halin biyan albashi, kuɗin Keke da abincin rana ba za su karya ku ba. Ku ware ko da rabin awa a mako ku zauna da ɗalibi ku duba littafinsa da gaske. Yaron da kuka koya wa karanta takardar likita da kyau yau, wataƙila shi ne zai miƙa wa 'ya'yanku magani nan da shekara biyar.

Sai mako mai zuwa.