A FITO DA SHI FILIN WASA

Maigida, uwargida, wannan takarda taku ce. Da wuya a sami ƙauyen da babu yaro ɗaya ko biyu irin waɗanda za mu yi magana a kansu. Ya shekara bakwai, amma maganarsa ta ɗan shekara uku ce. A aike shi, ya manta saƙo a hanya. An sa shi makaranta, tsararrakinsa sun wuce shi, malam ya gaji, aka ce ya zauna gida. Da la'asar yara sun tafi fili, shi kuwa yana zaune gindin turmi, don iyayensa suna tsoron kada a yi masa ba'a, ko a jefe shi, ko ya ɓace.

Tsoron nan na ƙauna ne, mun sani. Amma ku lura, zaman nan da yake yi yana cutar da shi fiye da yadda kuke zato. Abin da muke so ku yi shi ne ku fito da shi ya yi wasa cikin 'yan'uwansa.

MENE NE RAUNIN FAHIMTA?

Likitoci suna kiran halin yaron nan raunin fahimta. Watau ƙwaƙwalwarsa tana koyon abu a hankali, tun daga ƙuruciya. Ba taɓin hankali ba ne. Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin iskoki ba. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko wasa tare. Masu kiransa ɗan ruwa ko gaula, kuskure suke yi, suna kuma ƙona zuciyar uwarsa.

Abubuwan da kan kawo shi suna da yawa. Akwai doguwar naƙuda, wadda kan sa jariri ya daɗe bai yi numfashi ba. Akwai shawara mai tsanani a kwanakin farko bayan haihuwa. Akwai sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai. Akwai rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, shi ya sa ake ce muku ku riƙa sayen gishiri mai aidin. Akwai kuma gubar dalma, irin wadda ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Zamfara a 2010, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu da suka tsira. Wani kuwa haka aka halicce shi tun a ciki, ba laifin uwa, ba laifin uba.

Babu allura ko saiwar da ke warkar da raunin fahimta. Kada ku ƙarar da dukiyarku wajen nema. Amma yaron yana koyo, in an koya masa da haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

ABIN DA ZAMA KE YI WA JIKI

Ka ɗaure ɗan maraƙi a turke wata shida, sa'an nan ka kwance shi ka ga yadda zai yi tafiya. Haka jikin mutum yake. Yaron da ba ya gudu, ba ya tsalle, ƙafafunsa za su yi sanyi, numfashinsa ya gajarta, cikinsa ya riƙa ɗaurewa, barcinsa ya lalace. Wani ya yi ƙiba marar amfani, in ya girma ciwon sukari ko hawan jini ya same shi. Ga kuma kaɗaici, wanda kan sa shi fushi da kuka ba dalili.

Da, har masana sun ɗauka raunin jikin irin waɗannan yara daga halittarsu ne. A farkon shekarun 1960 wani malamin jami'a a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frank Hayden, ya gwada ƙarfinsu, ya ga sun gaza tsararrakinsu ƙwarai. Sai ya shiga ba su horon motsa jiki a kai a kai. Ƙarfinsu ya ƙaru, suka koyi wasannin da aka ce ba za su iya ba. Ashe rashin dama ne ya raunana su.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki kamar minti 60 kowace rana, babba kuwa minti 150 ko fiye a mako. Ta ce masu naƙasa ma suna ciki.

YADDA ABIN YA FARO A AMURKA

Wata mace a Amurka, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy, tana da yaya mai suna Rosemary wadda ke da raunin fahimta. Tun suna yara tare suke wasa da iyo, don haka ta san abin da irinsu za su iya. A 1962 ta buɗe filin gidanta a jihar Maryland, ta tara irin yaran nan suna gudu, suna iyo, suna buga ƙwallo, matasa 'yan makaranta suna taya su.

Daga bayan gidan nan abin ya girma. Ran 20 ga Yuli 1968 aka yi babbar gasa ta farko a birnin Shikago, 'yan wasa wajen 1,000 daga jihohi 26 na Amurka da kuma Kanada. Ƙungiyar da ta fito daga nan sunanta Special Olympics, tana kuwa da reshe a Nijeriya. A 2023 an yi gasarta ta duniya a birnin Berlin na ƙasar Jamus, 'yan wasa fiye da 6,000 suka hallara, har da 'yan Nijeriya.

Ba mu kawo labarin nan don ku jira baƙi su zo su shirya muku ba. Mun kawo shi don dabaru uku nata, waɗanda ba su bukatar kuɗi.

Ta farko, ba ta haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi a tsere ɗaya. Takan gwada su tukuna, sa'an nan ta raba su rukuni-rukuni, daga mutum 3 zuwa 8, waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa. Kowa yana da damar ci, kowa kuma ana ba shi lambar yabo.

Ta biyu, tun 1989 takan haɗa masu raunin fahimta da marasa shi a ƙungiya ɗaya, riga iri ɗaya. Yaron da ya buga ƙwallo tare da wani jiya, da wuya ya jefe shi yau.

Ta uku, tun 1997 takan kawo likitoci bakin fili su duba idanu da kunnuwa da haƙoran 'yan wasa kyauta, don sau da yawa irin yaran nan ba su iya faɗin inda ke musu ciwo.

YADDA ZA KU SHIRYA A ƘAUYENKU

1. Ku fara da mai unguwa ko dagaci, da liman, da shugaban makaranta. In manya sun sa baki, masu ba'a za su yi shiru. Ku tuna musu cewa tun Janairun 2019 akwai dokar ƙasa a Nijeriya da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci.

2. Ku sami fili shimfiɗaɗɗe, filin makaranta ko na idi, nesa da rijiya da kududdufi da hanyar mota. Ku tsince ƙaya da kwalba da duwatsu. In da inuwar itace kusa, ya fi.

3. Ku tsai da rana biyu a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Kada ku riƙa sauya ranar ko wurin. Irin yaran nan sun fi natsuwa in sun san abin da ke zuwa.

4. Kowane yaro a ba shi abokin wasa, wansa ko maƙwabci mai haƙuri, wanda zai ɗauko shi ya kuma mai da shi gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Babba biyu su tsaya a fili kullum, daga farko har ƙarshe. Kada a bar yaro shi kaɗai da kowa a ɓoyayyen wuri.

6. Ku roƙi malamin asibiti na ɗakin shan maganinku ya duba kowane yaro kafin a fara, ya kuma riƙa leƙowa.

YADDA AKE KOYA MUSU

Kada ka yawaita bayani. Yi abin a gabansa ya gani, sa'an nan ka kama hannunsa ku yi tare. Ka ba shi umurni ɗaya, sai ya gama ka ba shi wani. Abin da aka yi yau a maimaita shi jibi. In ya yi daidai, yabe shi nan take, ka kira sunansa. In ya kasa, kada ka daka masa tsawa, kada ka buge shi. A fara da minti goma, a huta, a riƙa ƙarawa mako-mako.

Wasannin suna nan hannunku: tafiya bisa layin da aka ja da toka, tsere na taki talatin, jefa ƙwallon tsumma cikin kwando, gara taya, jan igiya, tsallen igiya, tamaula ta mutum biyar-biyar. Wanda langa ta yi masa wuya, a bar shi ya yi ɗingishi ba tare da riƙe ƙafa ba. Wanda ba ya iya tafiya, ya yi jifa daga zaune.

Kada a manta da 'yan mata, su aka fi ɓoyewa. A shirya musu nasu a tsakar gida mai faɗi ko a makaranta, mata manya suna tsaye. Gaɗa da carafke da 'yar gala-gala duk motsa jiki ne, kuma suna koyar da ƙirga da jiran layi. Manya masu raunin fahimta, maza da mata, su ma a sa su.

ABIN DA ZA KU KIYAYE

Akwai yaran da za ku gane su da faffaɗar fuska, da idanu masu ɗan karkata sama, da gajeren wuya, da gaɓoɓi masu laushi. Ana kiran halittarsu da sunan Likita Down na Ingila, wanda ya bayyana ta a 1866. Kusan rabinsu ana haihuwarsu da ciwon zuciya, waɗansu kuma ƙashin wuyansu bai riƙe sosai ba. Lalle likita ya duba su tukuna. Kafin nan ban da kokawa, ban da alkafura, ban da buga ƙwallo da kai.

Waɗansu suna da farfaɗiya. Ba a ɗaukarta, ko ta miyau. Mai farfaɗiya ya yi wasa, muddin yana shan maganinsa, amma kada ya hau itace, kada ya shiga ruwa ba babba kusa. In ta buge shi a fili, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku sa tsumma ƙarƙashin kansa, ku juya shi ya kwanta a gefe. Kada ku danne shi, kada ku sa masa cokali ko ruwa a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, ku kai shi asibiti maza.

Ku ajiye tulun ruwa mai tsabta a inuwa, ku riƙa ba su ko ba su tambaya ba. Yaron da ke haki ƙwarai, ko leɓunansa suka yi duhu, ko jiri ya ɗebe shi, a tsai da shi nan da nan, a kai shi ga malamin asibiti. Mai zazzaɓi ya huta sai ya warke.

RANAR GASA

Bayan kaka, in an gama girbi, ku sa rana guda ta gasa. Ku gayyaci dagaci da iyaye da makaɗa. A kira sunan kowane ɗan wasa da ƙarfi, a ba kowa abin yabo, ko da sabulu ne ko ƙyallen ɗaurawa a hannu. Uwar da ta shekara tana ɓoye ɗanta, ran nan za ta ji ana masa guɗa.

To, maigida, ɗa na kowa ne, kuma amana ne. In a gidanka yake, fito da shi. In a gidan maƙwabcinka yake, karanta masa takardar nan, ku je wurin mai unguwa tare cikin makon nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.