Haɗa kwamfutar aiki da wasanni: me za a fara saya?

Mai son haɗa kwamfuta da kansa ya fara zaɓar furosesa, domin ita ke nuna irin babban allon da zai saya. Furosesar AMD Ryzen 7000 ba ta zama sai a allo mai gurbin AM5, shi kuma wannan allon RAM ɗin DDR5 kaɗai yake karɓa. Wanda ya sayo DDR4, ko shiga ramin ba za ta yi ba.

Wasanni sun fi dogara da katin hoto, na Nvidia ne ko na AMD, don haka can ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi. RAM mai gigabait 16 ta ishi aikin ofis da yawancin wasanni, mai tace bidiyo kuwa ya nemi 32. Ma'ajiya a ɗauki SSD.

Inda nake roƙon kada a yi tsimi shi ne na'urar rarraba wuta. Maras inganci idan ta ƙone, tana iya tafiya da allo da katin baki ɗaya. A duba wat nawa masu katin suka ce a tanada, a ɗan haura shi. Inda ake yawan ɗauke wuta, a haɗa da UPS. Kafin a biya kuɗin akwati, a auna tsawon katin, domin manyan ba sa shiga ƙaramin akwati.