INJIN YANKAN CIYAWA MAI JUYI WURI GUDA: A DUBA KAFIN A ZUBA KUƊI

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san ciyawar Kurmi ba ta san hutu ba. A Kano ruwa yakan yi wata huɗu ko biyar ya ɗauke, amma a Ikko tun daga watan Afrilu ake tafka shi har Oktoba, sai ɗan sararawar da yakan yi cikin Agusta. Filin da aka share yau, kafin mako biyu ya sake tashi. Wannan ne ya sa yankan ciyawa ya zama sana'ar da ke ciyar da 'yan Arewa da dama a nan Kudu.

Da adda da langalanga aka fara. Daga nan aka koma injin da ake turawa da hannu, da wanda ake ratayawa a kafaɗa. To, yanzu waɗanda Allah Ya buɗa wa har suka fara samun kwangilar filayen makarantu da na ƙwallo da harabar ma'aikatu, sun soma ɗaga ido zuwa ga wani babban inji da ake hawa, wanda masu sayar da shi suke kira zero-turn, wato mai juyi wuri guda. Sau da yawa wanda ake tallata musu da sauƙin kuɗi yana ɗauke da sabon suna da ba a saba ji ba. Tambayar ita ce, a saya ko a dakata?

ASALINSA

Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙago injin yankan ciyawa a Ingila cikin shekarar 1830. Amma shi wannan mai juyi wuri guda ɗan Amurka ne. A shekarar 1963 wani mai suna John Regier a Jihar Kansas ya harhaɗa irin wanda ake sarrafawa da sanda biyu, kamfanin Excel kuma ya fitar da shi kasuwa a 1964 da sunan Hustler.

Injin ba shi da sitiyari. Kowace tayar baya tana da nata famfon mai wanda ke juya ta, kowane famfo kuma yana da sandarsa a hannun direba. In ya tura sandunan biyu gaba, inji ya miƙe. In ya tura ɗaya ya jawo ɗaya, sai taya ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, inji ya juya a inda yake tsaye, kamar dai yadda katafila take yi. Tayoyin gaba kuwa ƙanana ne, ba sa tuƙi, bin umarnin na baya kawai suke yi.

Amfanin haka a fili yake. Direba yana kewaye itace ko sandar lantarki ba sai ya ja da baya ba. Injin da faɗin yankansa ya kai inci 60, wato mita ɗaya da rabi, in yana tafiyar kilomita 8 cikin awa, zai iya gama filin ƙwallo guda kafin awa ta cika. Wanda ya taɓa yin wannan aiki da injin hannu ya san bambancin.

SUNA DABAM, CIKI DABAM

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, yawancin kamfanonin da sunansu ke jikin waɗannan injuna ba su ne ke ƙera kome da kome ba. Su nasu gangar jiki ne, da kujera, da kaskon ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa. Shi kansa injin da ke shan fetur yawanci daga Kawasaki ko Kohler ko Briggs & Stratton ake sayo shi. Famfunan tayoyi kuma galibi na Hydro-Gear ne ko na Parker.

Saboda haka sabon suna ba aibi ba ne a kan kansa. A Amurka, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi, injin Spartan bai fito ba sai a 2015, amma ya samu karɓuwa har kamfanin Toro ya sayi masu ƙera shi a watan Janairu na 2022, a kan dala miliyan 400. Haka kuma tsohon suna ba ya hana mutuwa. Dixon yana cikin sunayen da suka yi tashe tun da wuri, kamfanin Husqvarna ya saye shi a 2006, bayan 'yan shekaru kuma aka daina ƙera inji da wannan suna.

Ashe ke nan ba fenti da suna za a duba ba. A ɗaga kujera a leƙa ciki. In an ga tambarin ɗaya daga cikin waɗancan kamfanoni a jikin inji da famfo, da lambarsu a rubuce, to, akwai hanyar neman kayan gyara ko da mai sunan ya rufe shago. In kuwa babu tambari babu lamba, mai sayarwa kuma ya ce ai duk ɗaya ne, to, a yi hattara.

KAYAN GYARA

A nan ne gizo ke saƙa. Ɗan kwangila a Amurka in bel ɗinsa ya tsinke da safe, yakan je wurin dillali a garinsu ya sayo wani kafin azahar. A nan kuwa, bakaniken janareto zai iya taɓa kafireto da fulogi, mai walda zai iya like ƙarfen da ya tsage, ana kuma iya dacewa da boris a kasuwar Ladipo. Amma famfon taya ba abin da ake kwancewa a bakin titi ba ne. In ɗaya ya lalace, inji sai ya riƙa kewaya wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Don haka kafin a biya ko sisi, a tambayi mai sayarwa abu huɗu. Shin yana da wuƙaƙe da bel da matatar iska da ta mai a ajiye a shagonsa? A ce ya fito da su a gani, gani ya kori ji. Shin yana da bakaniken da ya koyi aikin famfon? Shin in babu kaya a ƙasa, mako nawa ake yi kafin su iso? Shin wa ya riga ya saya a wurinsa, a ina yake aiki da shi? A je a sami wannan mutum, a tambaye shi yadda ya ƙare da injin a daminar da ta wuce.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne, mai makaranta ko mai rukunin gidaje ba ya jiran jirgin ruwa. In inji ya kwanta mako uku a tsakiyar watan Yuni, ciyawa ta kai gwiwa, to, an ba wani kwangilar, kuɗin da aka tara kuma suna kwance a ƙarƙashin tamfol.

NA GIDA KO NA SANA'A

Wani tarkon kuma shi ne, waɗannan injuna iri biyu ne, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai na gida, wanda aka yi don magidanci ya yanke harabarsa sau ɗaya a mako. Akwai na sana'a, wanda aka yi don ya wuni yana aiki. A Amurka na gida yakan fara daga wajen dala 3,000, na sana'a kuwa daga wajen dala 8,000 har ya haura 15,000.

Ana gane su daga kaskon wuƙaƙe. Na gida yawanci falle ɗaya ne na ƙarfe mara kauri da aka danna ya lanƙwashe. Na sana'a kuwa faranti ne masu kauri aka haɗa da walda, kaurinsu daga milimita 3 da ɗoriya zuwa 4 da rabi. Filayenmu ba su rabuwa da duwatsu da guntayen bulo da ƙarafan da magina suka bari, kasko mara kauri ba zai daɗe ba. Bugu da ƙari a karanta takardar garanti da kyau, ko a sami wanda zai karanta. Kamfanoni da yawa sukan rage wa'adin garantin injin gida ƙwarai in an sa shi aikin kuɗi. Masu magana sun ce araha ba ta ado.

In injin na hannu ne, wato wanda aka riga aka yi aiki da shi a ƙasar waje, yana da agogon da ke ƙirga awoyin da ya yi. A duba shi. A kuma tayar da injin a yi aiki da shi rabin awa, domin famfon da ya gaji ba ya nuna halinsa sai mai ya yi zafi.

INA ZA A YI AIKI DA SHI?

Wannan inji na fili ne mai faɗi, shimfiɗaɗɗe. Wanda aikinsa gidaje ne masu fuloti ɗaya, da ƙaramar ƙofa da tukwanen furanni, injin hannu ya fi masa. Ba a kuma yi shi don saran daji ba. Kirikiri da sauran ciyawar ado yake yanka, tofa da gamba da suka kai ƙugu sai adda ta fara shiga.

Nauyinsa ma abin dubawa ne. Na sana'a yakan kai kilo 400 zuwa 600. Ba a hawa titi da shi, sai an tanadi a-kori-kura da katakon hawa. A ƙasa mai laka irin ta Lekki bayan ruwan sama, yana iya kafewa, ko ya kwashe ciyawar mutane wajen juyi.

Akwai kuma hatsari. Littattafan kamfanoni sun hana hawa gangaren da ya wuce digiri 15 da shi, musamman in ciyawa tana da danshi, domin in tayoyin baya suka zame, direba ba shi da tuƙi ba shi da burki. Bakin kwata da bakin tafki su ne wuraren da ya fi kifewa. Na sana'a yana da ƙarfe a bayan kujera mai kare direba in an kife, da ɗamarar kujera. Kada a cire su. Kada kuma a bari yara su matso, domin wuƙa tana cilla dutse kamar harsashi.

LISSAFI

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na wannan shekarar, duk abin da ke shan mai ko ake sayowa da dala ya ƙara nauyi. Babban inji irin wannan yakan sha lita 4 zuwa 6 cikin awa. Ana canja masa baƙin mai bayan kowace awa 100 na aiki. Ga wasa wuƙa, ga kuɗin mota, ga ladan direba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma aiki yakan ja baya.

Saboda haka kwangila ake fara samu kafin inji. Wanda ke da manyan filaye uku ko huɗu a hannu, da takardar yarjejeniya ta shekara, yana da hujjar saye. Wanda kuwa zai saya don ya je neman aiki da shi, ya ɗora wa kansa kaya. In jama'a ne suka haɗa kuɗi ta hanyar adashi ko ƙungiya, to, a rubuta tun farko wa zai tuƙa, wa zai ajiye, nawa za a riƙa warewa don gyara, a gaban shaidu ko Sarkin Hausawan unguwa. Inji ba ya raba zumunci, rashin rubutu ne ke rabawa. Kada kuma a sayar da injin hannu don an sami babba, shi ne zai rufa asiri ranar da babban ya ƙi tashi.

Sabon suna mai sanannen inji a ciki, da kasko mai kauri, da dillalin da ke da kaya a shago, ya fi tsohon sunan da babu mai gyara shi a ƙasar nan. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, gara a ci gaba da turawa da hannu zuwa baɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah Ya sa albarka a nema, amin.